Soson Wankan Ya Falmata

Laminu jikana ya dawo hutu daga jami'a da wani abu cikin ƴar kwalba, fari kamar gutsuren alli, ya dire mini a kan tabarma yana hura hanci. Ya ce sunansa zewolit. Wai a ɗakin gwajinsu sukan samo wani abu mai siffa, su sa dutse ya tsiro a jikinsa, sannan su ƙone abin, siffar ta zauna a dutsen, da ƴan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani.

Na ce, "Kai mai ƙwace mini mata, da wuya?"

Ya ce, "Ba wuya, Kaka. Ka auna, ka zuba, ka rufe, ka danna, ka tafi cin abinci."

To ku matso, ku masu dannawa. Ba zan rantse cewa namu da nasu abu ɗaya ne ba. Karatuna na lakwal, wato makarantar boko, bai wuce in rubuta sunana in gaida kumanda, Baturen mulki, ba, daga nan mushe, malaminmu, ya ga cewa ni da alli ba za mu yi zumunci ba, ya sallame ni cikin mutunci da bulala. Laminu ma ya ce wataƙila namu ɗan ƙanen nasu ne. Amma tun kafin a haifi ubansa, a nan Matameye, mun ciyar da gida da tsirar da dutse a jikin soso.

A shekarun hamsin na lissafin Nasara, lokacin da gyaɗa ke mulkin garin nan, ina dakon buhuna a bakin ma'auni. Wata rana na sauke buhu na tsuguna ina haki, sai wani siririn dattijo mai laka a gemu ya miƙo mini ruwa a ƙoƙo. Ruwan tafkin bayan kasuwa ne, wanda jaki ma sai ya yi shawara kafin ya sha, amma ga shi garau har ina ganin zanen ƙasan ƙoƙon. Na tambaye shi sirrin. Ya ce sirrin yana gidansa, kuma yana da nauyi, yana neman mai wuya irin nawa. Wannan shi ne Baba Idi Mai Dutse, Bafillatanin da shanu suka ƙare wa kakanninsa, shi ya kama laka. Na bi shi ina zaton ilimi zai ɗora mini. Taɓarya ya ɗora mini.

Aikin farko da ya ba ni shi ne dakan farar ƙasa. Daga wani rami na wajen Tsauni muke ɗauko ta a jaki. Sai an gasa ta tukuna, gashi mai sauƙi, sannan a daka, a tankaɗe da rariya, a niƙa a dutse har in ka shafa a bayan hannu ba ka jin tsakuwa. Baba ba ya gwadawa da hannu. Haƙori yake sa mata. In ya ji ƙaras, sai ya tofar ya ce, "Mushe Habu, wannan garin na gina katanga ne, a koma." Mushe yake ce mini saboda lakwal ɗin da ban gama ba, sunan kuma ya bi ni har yau.

Bayan ƙasa sai tokar ƙaiƙayin gero, farar ba baƙar ba, sai kanwa ungurnu da aka jiƙa aka tace. A dama su su yi kaurin kunun tsamiya. Mu ma kunu muke ce masa. Sannan Baba ya ɗauko wata ƴar tukunya da yake ɓoyewa ƙarƙashin gadonsa, ya ɗebo guntun tsohon kunu ya zuba a sabo, kamar yadda Fulani ke sa tsohon nono a sabuwar madara. Wannan ita ce uwa. In babu uwa, kunu laka ne kawai.

Sai soso. Shi dai wannan soson da ke hawa dangar gidanku, wanda kuke cuɗa baya da shi. A bar shi ya bushe a jikin uwarsa, a ɓare, a kaɗe iri, a tsoma a kunu, a matse, a sake tsomawa, har kowane zare ya sa riga. In ka cika kunu, ƙofofi su toshe, ka yi tubali. In ka rage, wuta ta ci soso ta bar maka gari. Daga nan a jera su cikin babbar tukunya da ruwan kanwa, a liƙe baki da laka, a binne cikin ƙaiƙayi mai cin wuta a hankali. Nan ake kwanaki. Ba a buɗewa, ba a barin ta huce, ba a barin ta tafasa. Baba kan kara kunnensa a jikin tukunyar ya ce tana barci, ko tana minshari. In tana minshari, ni ke shan faɗa.

In an buɗe, sai ka tarar kunun ya zama wani ɓawo mai ƙyalli a jikin zaren, kamar raɓa ta daskare. A shanya a inuwa, a kai matoya, wato ramin da muke gashi, a sa wuta kaɗan kaɗan. Soso ya ƙone ƙurmus ya fita da hayaƙi, dutse ya tsaya a siffarsa, da kowace jijiya. A jiƙa a ruwa har ɗacin kanwa ya fita. Mai kyau, in yana bushe ka taɓa shi da harshe, kama harshen yake. In ka ɗiga masa ruwa kuma sai ya yi ɗumi a tafin hannunka kamar ɗan tsako. Ana cusa shi a wuyan tulu mai hudajjen gindi, a ɗora bisa randa, a zuba ruwan tafki a sama, a sha na Allah a ƙasa.

Ku lura da abu guda, don shi ne maganar. Maƙeri na da uwar maƙera, ta gadon kakansa. Mai tukwane na da tsohuwar tukunyar da yake kifewa yana gini a kanta shekara da shekaru. Mu namu abin ginin wuta ke cinyewa. Kowane dutse sai ya ci sosonsa. Kuma a cikin tukunya guda, in rabi suka fito da rai, Baba sai ya sayi goro.

Masu saye ba su yi mana kaɗan ba. Fataken Damagaram masu zuwa cinikin gyaɗa sukan ɗauka su kai wa iyali. Direbobin kamyo, manyan motocin kaya, na naɗe shi a tsumma su sa ƙarƙashin kujera, ya fashe kafin Kance, su dawo su ce mun cuce su. Amma kasuwarmu ta gaske farkon damina ce, sa'ad da ruwa ya koma launin fura. Ban ce magani ne ba, kada a kai ni gaban likita, amma gidajen da ke da dutsenmu ba su cika jan ƙafa da kurkunu ba, kuma matan gari sun lura da haka kafin mazajensu.

Shekarar da fara ta sauka, ta sauka ne soso na fure. Ta ci gero, ta ci wake, ta bi danga ta sharce ta tas. Abin da ya yi saura awaki suka gama da shi, su ma yunwar ce. Kaka ta zo babu soso ko ɗaya a Matameye. Na je Icirnawa da jaki, na dawo da jaki. Muka gwada totuwar masara, ta fito kamar guduma, ruwa ya ƙi bi. Muka gwada ɓargon kara, ya narke a tukunya. Muka gwada tsohon faifai, ya fito kyakkyawa, na taɓa shi ya zube. Matoya ta yi sanyi har kaza ta yi ƙwai a ciki. Ga uwa a ƙarƙashin gado tana neman bushewa, don ita ma sai ana ciyar da ita da sabon kunu. Baba ya ce in damina ta faɗi ba mu gasa komai ba, zai zubar da ita, ya bi ƴaƴansa kudu, ni kuma in koma wa buhunana.

Ran nan yana wanka sai na ji ya kira ni ta bayan zana. Ya ɗago nasa soson, wanda ya tsufa ya zama kamar gemun bunsuru, ba ya ko tsomuwa, ya ce, "Mushe Habu, kowane gida a garin nan akwai irin wannan. Je ka roƙo mana tsofaffi."

Baba Idi ya san ƙasa, ya san wuta. Mutane ne bai sani ba. Ni ma a lokacin wuyana ya fi kaina girma, sai na ɗauki buhu na shiga gari ina sallama ƙofa ƙofa, ina cewa maigidana na roƙon tsohon soson wanka.

Ku yaran yanzu da ke yar da soso a kwata ba za ku gane ba. A wancan zamanin abin da ya taɓa jikin mutum, gashi ne, farce ne, ƙasar sawu ce, ba a bari ya shiga hannun wani. Balle soso, wanda ya san mutum fiye da uwarsa. Gidan farko matar ta leƙo ta ce, "Me za ku yi da shi?" Na ce za mu binne a tukunya, mu liƙe baki, mu ƙone. Ban gama rufe baki ba ta rufe ƙofa. Kafin la'asar labari ya riga ni zuwa ƙarshen gari: Bafillatanin nan mai tukunyar da ba a buɗewa yana tara dattin mutane. Aka fara tuna cewa ba ya barin kowa ya ga ƙarƙashin gadonsa. Matan da suka sayi dutsenmu bara suka fara cire shi daga tulu. Wani mahauci da ɗansa ke zazzaɓi ya ce soson matarsa ya ɓace daga kan danga. Akuya ce ta cinye, na gan ta da idona, amma wa zai karɓi shaidar mai buhu?

Ranar kasuwa mai unguwa ya kira mu gindin tsamiya, gari ya kewaye mu. Mai unguwa mutum ne mai sanyi, ba ya son rigima, ya ce, "Malam Idi, ni ban ce ka yi komai ba. Amma shekara ta yi zafi, zukata sun tashi. In ka ɗan je ka ga ƴaƴanka, ba laifi." Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Baba ya buɗe baki zai yi bayanin kunu da uwa, na ga yana ƙara tona wa kansa rami, don da ya ce uwa sai wata mata ta ce, "Uwar wa?"

Sai muka ji ana cewa a ba ta hanya. Ya Falmata ce, tsohuwar Babarbariya mai sayar da kanwa a bakin kasuwa, wadda a wurinta muke sayen ungurnu. Gajeruwa ce, ga tsage a fuska, ga baki kamar aska. Tsakaninta da Baba kuwa wasan Barebari da Fulani ne, ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Ta zo ta tsaya gaban mai unguwa, ta sa hannu cikin zane, ta zaro soso ta jefa a cinyar Baba.

Ta ce, "Ungo, bawana. Nawa ne, ban da wani. Da shi na yi wanka yau."

Mai unguwa ya ce, "Ya Falmata, kin san abin da kike yi?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan Bafillatanin da ya iya sammu da ya sammaci saniya ko ɗaya ta bi shi. Dubi ƙafarsa kamar sandar kiwo. In kun kore shi, wa zai sayi kanwata, ku da ko miya ba ku kaɗawa bana? A yi aikin a gabana. In na mutu, ku kore shi. In dutse ya fito, ni zan fara sha."

Aka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Mai unguwa ya ga mafita, ya ce to, an ji, a jira soson Ya Falmata.

Da muka koma gida Baba ya zauna yana juya soson a hannu. Na san abin da yake gani. Soso ɗaya ne, ba na gwaji, ba na canji, a sana'ar da rabi ke mutuwa a tukunya. Ga shi ya sha jiki, ya yi laushi, ya lanƙwashe ta gefe guda inda yatsunta suka saba kamawa. Na ce ko mu wanke shi da kyau mu miƙar. Ya ce a'a, ta ce a gabanta, kada a ce mun sake shi.

Washegari ta kwaso tallarta ta kafa a ƙofar gidanmu, masu kallo suka biyo ta. Na dama kunu, Baba ya kawo uwa a fili, ya ɗaga tukunyar kowa ya leƙa ya ga laka ce. Ya tsoma soson. A nan muka ga abin da ba mu taɓa gani ba. Sabon soso yakan yi gardama, kunu na zamewa daga jikinsa, sai an yi ta matsa. Wannan kuwa ya sha kunu kamar mai buɗa baki, har cikin ƙashinsa. Baba ya sansana yatsunsa ya ce, "Sabulun salo ne." Sabulun da ya daɗe yana shiga zaren shi ya buɗe wa kunu hanya.

Ya Falmata ta ce, "Da ka zaci kowa irinka ne, mai wanka daga salla sai salla?"

Kwanakin da tukunya ta yi a ƙaiƙayi, ba tukunyar kaɗai ake gadi ba. Gari duka ya sa wa tsohuwar nan ido. Masu zuwa sayen kanwa ba kanwa suke kallo ba. Ita kuma ta gane, ta mai da abin kasuwa. In ta ga mutane sun taru sai ta yi tari, ta dafe ƙirji ta ce, "Bawana, ina jin wani abu a nan. Ina ga goro ne zai sauke shi." Baba ya miƙa goro. Ni kuwa addu'ata guda ce, kada Allah ya kawo mata ko mura ta gaske, don a shekara irin wannan tsofaffi na faɗuwa ba tare da taimakon kowa ba. Daga baya na ji cewa ƴarta ta yi kuka ta roƙe ta ta karɓo abinta, ta ƙi. Ashe ita ma ba ta rasa tsoron ba, a cikin zane ta ƙulle shi.

Ranar gashi Baba bai bar ni na taɓa wuta ba. Kara ɗaya ɗaya yake sawa. Hayaƙi ya tashi, ya ce mata, "Ga sosonki can yana tafiya, ki yi masa sallama." Ta ce ya gaida shanun kakanninsa. Da toka ta huce ya sa hannu biyu ya ɗago shi kamar jariri. Bai fashe ba. Fari ne, da lanƙwasarsa, da gurbin yatsu huɗu a gefe. Ya ɗiga masa ruwa ya ɗora mata a tafin hannu, ta ji ɗumin, ta rufe shi da ɗaya hannun.

Bayan an jiƙe ɗacin, a gindin tsamiyar nan aka kafa tulu da randa. Mahaucin da kansa ya ɗebo ruwan tafki, ya zaɓo mafi muni. Aka zuba, aka jira, ya ɗiga garau. Ya Falmata ta cika ƙoƙo ta shanye, ta goge baki, ta dubi jama'a ta ce, "Ban mutu ba. Mai son kanwa ya biyo ni."

Daga ranar aka sami sabuwar al'ada a garin nan. Kowace mace ta kawo soson gidanta da hannunta, ta ɗaura masa alama da ɗan guntun ƙarfe ko tsakiya, ta tsaya a tsoma a gabanta, ranar gashi ta dawo ta ga hayaƙinsa, ta tafi da dutsenta. Ba mai shan ruwan soson wani. Damina ta faɗi matoyarmu na ci, uwa ta sami abinci, Baba bai je kudu ba. Ko da soso ya dawo danga a shekara ta gaba, sai mun ba shi sabulun salo ya kwana kafin ya ga kunu, asararmu kuma ta ragu sosai. A Matameye Baba ya rasu, a hannuna ya bar tukunyar ƙarƙashin gado, da ita na yi aure na aurar, har famfo da robobi suka zo suka sallame ni kamar yadda mushe ya yi, wannan karon ba bulala.

Dutsen farkon yana wurina. Ƴar Ya Falmata ce ta kawo mini bayan rasuwar uwar, ta ce tsohuwa ta ce a mayar wa bayinta kayansu. Ba na tace ruwa da shi. In na sa yatsuna a gurbin nan, nawa sun yi masa girma. Duk sallar da na yi, Baba Idi na ciki, ita ma tana ciki.

Da na nuna wa Laminu, ya juya shi, ya taɓa da harshe, ya kama shi. Idonsa ya yi haske. Ya ce in ba shi ɗan gutsure ya kai ɗakin gwajinsu, akwai na'urar da za ta faɗi ko ɗan'uwan nasu ne. Na ce wannan ba a gutsura shi, amma hannuna bai mutu ba tukuna, kuma na san inda farar ƙasa take. In yana so in yi masa sabo, ya kai musu duka.

Ya ce yana so.

Na ce, "To shiga banɗaki ka ɗauko mini soson wankanka."

Ya miƙe da sauri, ya kai bakin ƙofa, sai ya tsaya. Ya waigo yana sosa ƙeya.

Ya ce, "Kaka, nawa na kaina? Me za ka yi da shi?"